Ƙafar Ɗan Mai Ɗori

An yi wani saurayi a Toranke, nan cikin ƙasar Ajingi, wanda Allah ya zuba wa baiwa a ƙafa. Ya 'yan uwa, ba zan kama sunansa na gaskiya ba, domin yana nan da ransa, iyayensa ma suna nan. Mu kira shi Mudassir, mahaifinsa kuma mu ce masa Malam Inuwa.

Malam Inuwa manomi ne kamar kowa, amma sana'ar da aka san shi da ita ɗori ce. Ya gada wajen ubansa, ubansa kuma wajen nasa uban. Wanda ya faɗo daga kan mangwaro, wanda babur ya kayar a hanyar Gaya, wanda sa ya take a wajen huɗa, duk zaurensa ake kawo su. Ba shi da na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Abin da yake da shi babban yatsansa ne, da man shanu, da karare da yake saƙawa kamar ƙaramin asabari, sai addu'ar da yake tofawa.

Yana da wata ƙa'ida wadda duk wanda ya taɓa jinya a zauren ya sani. Ba ya tambayar majinyaci ko ya ji sauƙi. Cewa yake mutane ba sa faɗar gaskiya a kan ciwo, mai son komawa gona zai ce ya warke, mai gudun aiki zai ce har yanzu da saura. Saboda haka sai ya zaunar da kai, ya ɗora ƙafarka a cinyarsa, ya riƙa bin ƙashin da yatsa yana dannawa, idonsa a kan fuskarka. In ka yamutsa fuska, ko da ƙiftawar ido ce, ɗori ya koma. In ya danna sau uku bai ga komai ba, sai ya kwance ya sallame ka. Shekara talatin da wani abu yana haka, ba a taɓa jin ya sallami ƙashin da bai haɗe ba.

Mudassir shi ne na huɗu a 'ya'yansa. Bai gaji ɗori ba, ƙwallo ya gada, ban san daga wajen wa ba. Tun yana firamare, in ya ɗauki ƙwallo sai dai a bi shi da ido. Daga filin makaranta ya koma buga wa wata ƙungiya a Gaya. Daga nan wani kulob na ƙwararru a wata jiha mai nisa ya gan shi a gasa, ya ɗauke shi, aka ba shi riga mai lamba tara. Ranar da aka fara jin sunansa a rediyo, samarin Toranke sun kusa tsaga gari da ihu. Wasunku da ke zaune a nan, waɗanda in an kira salla sai sun ga ƙarshen wasa tukuna, kun san irin ihun da nake nufi.

Ƙwallo ba haramun ba ce, kada wani ya fita ya ce na ce. Yaron nan yana salla, yana gaida manya, bai taɓa sa sigari a bakinsa ba. Malam Inuwa ma bai hana shi ba. Abin da kawai ya ce masa ranar tafiya shi ne ya kula da ƙafarsa, tunda da ita zai ci abinci.

A masaukin 'yan wasa Mudassir ya tarar da wata rayuwa daban. Kowane ɗan wasa da jakar magunguna a gefen katifarsa, sai ka ce ƙaramin kemis. Ga ƙwayar ƙarin jini, ga garin gina tsoka a gwangwani da ake damawa da ruwa, ga lemon ƙara kuzari, ga ƙwayoyin kashe zafi kala-kala. Babu likitan da ya rubuta wa kowa. Wannan ya ji daga wancan, wancan ya gani a waya. Kafin a fita atisaye kowa ya watsa biyu a baki ya kora da ruwa, ko yana jin ciwo ko ba ya ji, wai don kada ciwon ya zo.

Wanda ya karɓe shi hannu bibbiyu wani mutumin Kademi ne mai suna Kamilu, mai tsaron baya, wanda ya girme shi da shekara bakwai kuma ya daɗe a harkar. Da Kamilu ya lura ba ya shan komai, sai ya kwashe da dariya.

"Kai ƙanena, da tuwon Inna kaɗai za ka buga lig? Nan kowa da abin da yake riƙe da shi."

Mudassir ya fara da na ƙarin jini. Mene ne laifin ƙarin jini? Sai garin gwangwani. Sai ƙwaya ɗaya ranar da cinya ta riƙe. Kafin kakar wasa ta kai rabi, shi ma jakarsa ta cika. Ba wanda ya tilasta masa, kuma babu ranar da ya zauna ya ce yau zan fara cutar da kaina. Ya dai saba da cewa in jiki ya yi magana, akwai abin da ake ba shi ya yi shiru.

A wasan ƙarshe kafin hutun tsakiyar kaka, wani ya shigo masa da ƙasan takalmi a ƙwaurin dama. Ya ƙarasa wasan yana ɗingishi. Washegari ƙafa ta kumbura, ba ta takuwa. Da yake an ba da hutu, sai ya hau mota ya taho gida wajen mahaifinsa.

Malam Inuwa ya ɗora ƙafar a cinya, ya danna wuri ɗaya. Mudassir ya ƙwalla ƙara har mahaifiyarsa Larai ta leƙo daga cikin gida.

"Ba karaya ba ce, tsagewa ce," in ji Malam Inuwa. "Kuma ni na fi tsoron tsagewa, don tana barin mutum ya taka. Kwana arba'in ba za ka ɗora mata nauyi ba. Duk Juma'a da hantsi zan duba."

Ya shafa mai, ya jera karare, ya ɗaure, ya tofa.

Mudassir ya yi kwana goma sha takwas a kan tabarma. A na goma sha tara waya ta yi ƙara, ya duba ya ga koci ne. Koci ya ce za a koma wasa mako mai zuwa, an kawo wani sabon ɗan wasan gaba daga kudu, kuma duk wanda bai iso ba kafin a miƙa sunaye, ya ɗauka rigarsa ta zama ta wani. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya kashe waya.

Ya 'yan uwa, ku sa kanku a matsayinsa, don kada ku ce ku kun fi ƙarfin wannan. Shekara goma yana gudu a rana kafin ya sami rigar nan. Ya dubi ƙafarsa a ɗaure, ya tuna gonar gyaɗar da ke jiransa in ya dawo gida hannu rabbana, ya tuna abin da za a ce a majalisa. Ya san halin mahaifinsa, ko wa zai zo ya roƙa ba zai kwance ɗori kafin lokacinsa ba. Ya kwance da kansa ya gudu? Wannan bai iya ba, yana tsoron fushin uba. Yana so ya tafi, kuma yana so ya tafi da albarka. Ta nan Shaiɗan ya sami ƙofa.

Ranar Alhamis Kamilu ya zo dubiya daga Kademi a kan babur, don shi ma yana hutu a gida. Ya durƙusa ya gaida Malam Inuwa da ladabi, ya yi masa ya mai jiki. Da tsoho ya tashi zuwa sallar la'asar, sai Kamilu ya matso kusa da tabarma.

"Yaushe Baba yake dubawa?"

"Gobe da hantsi."

Kamilu ya zaro katin ƙwaya daga aljihu ya tura masa ƙarƙashin matashi.

"Wannan ba irin wadda ka saba ba ce, tiramadol ce mai ƙarfi. Ka sha biyu in an idar da asuba. Kafin hantsi, ko guduma ya sa ba za ka ji ba."

"Yaya Kamilu, Baba fa zan yaudara."

"Wa ya ce ka yi masa ƙarya? Kai dai ka yi shiru. Ai ba tambayarka yake yi ba."

Kun ji malami! Kun ji fatawa! Ai ban faɗa da baki ba. Mutum nawa ne a cikinmu yake kwana da wannan fatawar yana ganin ya tsira?

Mudassir ya yi sallar asuba a zaune. Ya shafa addu'a, ya ɓalli ƙwaya biyu, ya kora su da ragowar ruwan butar da ya yi alwala.

Da hantsi Malam Inuwa ya zo ya zauna, ya kwance karare, ya ɗora ƙafar a cinya. Ya danna. Mudassir yana ganin yatsan yana nutsewa, amma abin da ya ji bai fi a taɓa mutum ta saman bargo ba. Tsoho ya ɗago ya dube shi. Ya sake dannawa, wannan karon da ƙarfi har jijiyar hannunsa ta tashi. Fuskar yaro ba ta motsa ba. Ya danna na uku. Sannan ya yi abin da bai saba ba, domin zuciyarsa ba ta kwanta ba: ya ce wa yaron ya miƙe. Ya miƙe. Ya ce ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ya tsaya.



"Allahu Akbar," in ji Malam Inuwa. "Kwana ashirin da ɗaya. Ni dai ban taɓa gani ba, mahaifina ma bai ba ni labarin irinsa ba. Larai! Zo ki ga ikon Allah."

Larai ta fito da gari a hannu, ta ga ɗanta tsaye, ta fashe da kukan murna. Ranar sai da ta toya waina aka kai masallacin Juma'a sadaka. Malam Inuwa kuwa, mutumin da ba ya yabon kansa, duk wanda ya haɗu da shi sai ya ba shi labari, yana cewa ba aikinsa ba ne, Allah ne ya dubi yaron. Mudassir ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sau biyu ya buɗe baki zai yi magana, sau biyu ya haɗiye. Washegari ya sake shan biyu don ya fita daga gida ba ɗingishi. Uban ya dafa kansa a ƙofar zaure, ya sa masa albarka, ya ce ya je Allah ya tsare.

Ya 'yan uwa, ku dubi girman abin da ya faru. Bai buɗe baki ya yi ƙarya ba, amma ya sa hannun ubansa ya yi ƙarya. Ya sa uwarsa ta yi sadakar godiya a kan abin da bai faru ba. Ya karɓi albarka da yaudara, yana zaton albarka kaya ce da ake sacewa a sa a jaka. Kafin mota ta kai Wudil, zafin ya dawo.

Ya isa a kan lokaci, rigarsa ta tsira. A wasan farko ya zura ƙwallo biyu. A Toranke aka yi ta ihu, har Malam Inuwa da bai taɓa sauraron ƙwallo ba ya zauna kusa da rediyon maƙwabci yana murmushi. Labari ya bazu cewa ɗorin Malam Inuwa kwana ashirin da ɗaya ne. Masu karaya suka riƙa zuwa daga garuruwan da ba a taɓa zuwa ba. Duk wanda ya kira Mudassir a waya sai ya gaya masa wannan, yana zaton daɗi zai ji. Shi kuwa duk labarin da ya ji, sai ya ƙara ganin ba shi da bakin da zai koma ya ce wa uban ƙarya ce.

Ƙwaya biyu ta zama huɗu. Huɗu ta daina kai shi ƙarshen wasa. Sai aka haɗa shi da mai yi wa 'yan wasa tausa, wanda suke kira Dokta alhali ko ƙofar makarantar likitanci bai taɓa gani ba. Shi kuma ya ce ai abu mai sauƙi ne, allura za a yi a daidai wurin. A ɗakin canza kaya ake yi, a tsaye, cikin gumi da ƙura, minti goma kafin a fita fili. Ƙafa ta mutu murus, a buga wasa, a tashi.

Kada ku ɗauka bai yi ƙoƙarin dainawa ba. Ya yi. Wata Talata da babu wasa ya ce yau ba zai sha komai ba. Kafin azahar gumi ya jiƙa shi, jikinsa na karkarwa, ƙafar kamar an cusa garwashi a cikin ƙashi. Banɗaki ma da bin bango ya je. Kamilu ya shigo ya same shi a ƙasa.

"In koci ya gan ka a haka, taka ta ƙare," in ji Kamilu. "Saura wasa takwas. Ka daure a gama, sai ka je gida ka yi wata uku a kwance."

Mudassir ya miƙa hannu ya karɓa yana hawaye. Daga ranar addu'arsa ta zama ɗaya: Allah ka kai ni ƙarshen kaka, zan huta, zan gaya wa Baba gaskiya. Yana roƙon Allah ya ba shi lokaci ya gama saɓon tukuna, sannan ya tuba. Wa ya ba shi tabbacin lokacin? Wa ya ba ku?

Wurin allura ya kumbura, ya yi baki, ya fara ruwa. Ya riƙa naɗe shi da bandeji, ya ja doguwar safa ya rufe. Da ya fara wari sai ya koma fesa turare. Zazzaɓi na zuwa yana tafiya, shi ma ya samo masa ƙwayarsa. Wata rana Malam Inuwa ya sa aka kira masa shi a waya.

"Mudassir, yaya ƙafar?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ba ta yi maka komai?"

"Ko kaɗan, Baba."

To, ga ƙaryar da aka ce ba sai ya yi da baki ba, ta iso bakin da ƙafarta.

Saura wasa uku a gama kaka. An dawo daga hutun rabin lokaci, aka jefo masa ƙwallo, ya juya zai karɓa. Babu kowa kusa da shi, ba wanda ya taɓa shi. Waɗanda ke kan benci sun ce sun ji ƙarar kamar an karya rake. Ya faɗi, da aka iso kansa aka tarar ƙashi ya huda safa ya fito. Alƙalin wasa da kansa sai da ya ɗora hannu a ka.

Aka kai shi asibiti a garin. Likitoci suka ɗauki hoto suka ce ƙashin ya daɗe da ruɓewa daga ciki, sai an yi aiki. Mudassir ya ce bai yarda ba. Tun yana yaro yake ganin ana shigowa da mutane zaurensu a ɗauke suna fita da ƙafafunsu, a ransa babu ƙashin da ya gagari Baba. Ya yi ta kuka yana cewa a kai shi gida. Kwana biyu ana lallashinsa, ya ƙi. A na uku Kamilu ya samo mota, suka yini a hanya cikin zafi, suka iso Toranke bayan la'asar.

Mutane suka cika zaure. Da Malam Inuwa ya warware bandeji, sai kowa ya ja baya yana toshe hanci. Yatsun sun yi baƙi, sun yi sanyi. Tsoho ya durƙusa yana kallo, bai nemi mai ba, bai nemi karare ba.

"Wurin nan ne," ya ce a hankali. "Nan na ɗaure, nan na kwance. Ni na sallame ka. Tsufa ya zo min ban sani ba, na kashe wa ɗana ƙafa da hannuna."

Wannan maganar ta fi wa Mudassir zafi fiye da ƙashin. Ya jira har aka kori mutane, ya rage daga shi sai iyayensa sai Kamilu a bakin ƙofa.

"Baba, ba kai ba ne. Ƙwaya na sha."

"Yaushe?"

"Ranar Juma'ar da ka kwance."

"Kafin in duba?"

"E, Baba."

"Da na kira mahaifiyarka ta zo ta gani, kana sane?"

Mudassir ya sunkuyar da kai. Larai ta zauna daɓas a ƙasa. Kamilu ya sulale, ba a sake ganinsa a garin ba. Mudassir ya so a ce uban ya mare shi, ko ya zage shi, ko ma ya tsine masa, ya san an yi an gama. Malam Inuwa bai yi ko ɗaya ba. Ya miƙe da ƙyar, ya leƙa waje ya ce a nemo mota a kai shi asibiti. Mutanen da ke tsaye suka dubi juna, domin ba su taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba.

A Gaya aka duba aka ce sai Kano. A Kano wata likita ta duba, ta kira Malam Inuwa kusa da gadon. Ta ce cutar ta fara hawa, ta shiga jini, in ba a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa a ranar ba, ransa ake magana. Ta ce ƙodarsa ma ta taɓu saboda yawan ƙwaya, ko ya tashi ba zai ƙara shan irinsu ba.

"Likita," in ji tsoho, "in aka wanke wurin sosai aka ɗaure, aka ba shi lokaci, ba za ta dawo ba?"

"Baba, da wata biyu da suka wuce ne, da mun yi magana. Yanzu babu abin da za a ɗaure."

Ta miƙo takarda, tana bukatar sa hannun majinyaci da na wani nasa. Mudassir ya sa nasa. Daga kan gado yana kallo mahaifinsa ya karɓi biro, ya riƙe shi irin riƙon alƙalamin kara, ya rubuta sunansa da ajami. Harafin ƙarshe ya fita daga layi.

Bayan wata ɗaya aka dawo da shi Toranke da sanduna biyu. Kulob ya aiko gaisuwa sau ɗaya. Masu ihu suka sami wani sunan da za su kira. A kasuwar Ajingi kuma magana ta juya, aka ce ashe ɗorin Malam Inuwa na gaggawa ne, ga shi ya lalata ɗan cikinsa. Masu karaya suka daina zuwa. Kalma ɗaya ce za ta wanke shi, amma kalmar za ta tona asirin ɗansa, sai ya ƙi faɗa. Mudassir na zaune a zaure yana ganin ana wucewa da majinyata a kan babur zuwa wani gari, uban yana gyaran fartanya kamar bai gani ba.

Sai kuma abin da ba wanda ya zata. Ƙafar da aka yanke ta fara ciwo. Ba kututturen da ya rage ba, ya 'yan uwa, ƙafar da babu ita. Likita ta ce hakan na faruwa, jiki ne bai yarda ta tafi ba, kuma magungunan da za su rage masa zafin, ƙodarsa ba za ta ɗauka ba. Sai haƙuri.

Wata rana da azahar ciwon ya taso masa da ƙarfi. Ya cije, ya cije, ya kasa.

"Baba! Babban yatsana, Baba. Kamar ana soya shi."

Malam Inuwa ya yar da fartanya ya taho da sauri. Ya zauna a gabansa, ya yi bisimilla, ya miƙa hannu inda yatsan ya kamata ya kasance. Hannun ya sauka a kan tabarma. Ya bar shi a wurin, bai ɗauke ba.

"Ina zan kama maka, ɗana?" ya ce. "Ina zan kama?"

Suka zauna su biyu suna kuka har aka tayar da salla.

Ya 'yan uwa, wannan labari Mudassir ne ya ba ni da bakinsa, ya ce in gaya wa samari. Wanda ya gane gidan ya gane, kuma daga yau ya cire bakinsa daga kan tsohon nan.

Me ya kai shi? Ba ƙwallo ba ce. Ba kuma magani ba ne, domin magani rahama ce in mai sani ya ba ka, a kan ciwon da ya duba. Abin da ya kai shi, ya ɗauki jikinsa kamar abin da ya mallaka, alhali amana ce aka ba shi, kuma za a tambaye shi. Zafin da yake gudu ba maƙiyinsa ba ne. Allah ne ya sa shi a jiki ya riƙa gaya maka ka tsaya, akwai ɓarna. Ka toshe masa baki, ɓarnar ba ta tsaya ba, kai ne dai ka daina jin labarinta.

Kuma ya yaudari mahaifinsa da shiru. Kada wani ya ƙara cewa ai ban faɗa da baki ba. In ka shirya abu don wani ya gaskata abin da ba haka ba, ka yi ƙarya, ko da bakinka a ɗinke yake. Kwana goma sha tara ne kacal suka rage masa a kan tabarma. Ya ga sun yi masa yawa. Yanzu kwana nawa zai yi?

Kada ku ce wannan na 'yan ƙwallo ne, mu ba ruwanmu. Kai da kake watsa ƙwaya kafin ka shiga gona don ka yi aikin mutum uku, da kai nake. Kai mai babur da kake sha don ka yini ba gajiya, da kai nake. Kai mai kemis da kake miƙa wa yaro kati ba tare da ka tambayi takardar likita ba, kana cewa ai shi ya nema, ka shirya amsar da za ka bayar, don wannan ba za ta karɓu ba. Mu ma masu kallo, da muke ihu in an ci, muke zagi in an yi ɗingishi, ba mu fita ba. Wa ya taɓa tambayar yaran nan da me suke tsaye?

Wanda ya san akwai kati a aljihunsa yanzu haka, ya je ya sami likita tun ƙafarsa na kai shi. Wanda ya san akwai abin da yake ɓoye wa iyayensa, ya je ya faɗa yau, tun faɗar tana da amfani.

Ya Allah, ka ba wannan bawa naka haƙuri, ka karɓi tubansa, ka sanyaya masa abin da mu ba za mu iya ba. Ka saka wa mahaifinsa da alheri a kan shirun da ya yi. Ka tsare mana gaɓoɓinmu, ka tsare mu daga cin amanarsu. Kada ka nuna mana ranar da 'ya'yanmu za su kira mu, mu miƙa hannu mu rasa inda za mu kama. Allah ka kiyaye mu, ka kiyaye zuriyarmu. Amin.